'Yan tsakina sun ƙi cin abinci suna ta mutuwa, akwai maganin buɗe musu ciki?

Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da shawara kuma a sakaya sunana. Na tara 'yan kuɗina na sayi 'yan tsaki buroila guda 200, yau kwanansu 6, tun rana ta huɗu suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, yanzu na rasa 17, kuma masu mutuwar ba wani ciwo nake gani a jikinsu ba, kawai basa cin abinci ne, sai su takure a lungu suna ta kuka, in ka ɗaga su ba nauyi kamar takarda. Su kuma sauran sai ci ba tsayawa. Maigida yace dama ni bani da hannun kiwo, maganar ta tsaya min a rai har barci ya gagare ni. Wata ƙawata tace in jiƙa musu maganin cin abinci na mutane a ruwa, ɗana kuma ya gani a intanet wai akwai wani sinadari girelin da yake sa yunwa, wai a nemo a basu. Malam mene ne gaskiya?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya mayar miki da alheri, ya sa albarka a waɗanda suka rage. Kafin komai, dan Allah maganin cin abincin nan na mutane kar ki zuba musu, ba don su aka yi shi ba, ba ki da awon da za ki ba halittar da nauyinta yake wajen giram 40 kacal ranar da ta fito daga ƙwai, kuma ko ya shiga cikinsu ba zai taɓa abinda ya hana su ci ba. Girelin ɗin da yaronki ya gani kuwa zan zo kansa, yaron ya kyauta da ya yi bincike, amma a kan ɗan tsako labarin a juye yake.

Maganar hannun kiwo ki cire ta daga ranki. Abinda kika bayyana, mutuwa daga rana ta huɗu, jiki ba nauyi, ba alamar ciwo, duk wanda ya daɗe yana rainon 'yan tsaki ya san shi, kuma yana da dalili da ake iya gani da ido a taɓa da hannu. Ana gab da ƙyanƙyasa, wajen kwana 19 zuwa 20 cikin kwana 21 da ƙwai yake yi, ɗan tsako yana janye ragowar gwaiduwa ta cibiyarsa zuwa cikin cikinsa, to wannan guzurin ne yake riƙe shi kwana biyu zuwa uku ko bai ci komai ba. Shi yasa ranar farko da ta biyu kika gansu duk garau suna yawo, alhali a cikinsu akwai waɗanda tun da suka iso ko ƙwaya ɗaya ba su haɗiya ba, guzuri suke ci, ranar da ya ƙare sai su fara faɗuwa. Kinga kenan abinda ya kashe su a rana ta huɗu da ta biyar tun awannin farko ya faru, ke kuma ba wanda ya faɗa miki abinda za ki duba a lokacin.

Yanzu me yasa ɗan tsako zai zauna ga abinci a gabansa ya ƙi ci? Mu dai mun saba cewa yunwa a ciki take, amma wanda yake yanke hukuncin a ci ko a bari ƙwaƙwalwa ce, wani ɗan guri a ƙasanta da ake kira haifotalamus, a ɗan tsako ƙanƙani ne ƙwarai. A nan akwai jijiyoyi da suke aika wa juna saƙo da wasu ƙananan sinadarai da ake kira feftayid, wato gajerun sarƙoƙi ne na amino asid, irin tubalin da ake gina furotin da shi. Wasunsu totur ne, wasunsu birki. Babban totur ɗin sunansa NPY, amino asid 36 ne a jere, an fara gano shi a 1982 a Suwidin daga ƙwaƙwalwar alade, sannan a 1987 Wayne Kuenzel da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa in aka sa shi cikin ƙwaƙwalwar ɗan tsako sai ya hau abinci da ci babu kama hannun yaro. Yana da abokin tafiya AgRP, tare suke fita daga jijiya ɗaya, kuma in ciki ya daɗe ba komai su biyun ƙaruwa suke yi. A gefensu akwai wasu jijiyoyin da suke yin alfa-MSH, shi kuma cewa yake ya isa haka, AgRP ɗin ma aikinsa shi ne ya je ya toshe gurbin da alfa-MSH yake zama ya hana shi magana.

Abinda nake so ki riƙe shi ne, totur ɗin nan da shi aka haifi ɗan tsakonki, tun yana cikin ƙwai aka fara haɗa shi, ba ya buƙatar ki sayo masa yunwa a kwalba. Lafiyayyen ɗan tsako yana bushewa zai fara tsattsagar duk wani ɗan abu da ya gani a ƙasa, har yatsun 'yan uwansa. In kika ga bai ci ba to ko dai bai samu abincin ba, ko wani abu ya danne masa birki.

Wani birki mai ƙarfi ƙwarai kuwa shi ne CRF, amino asid 41, wanda Wylie Vale ya fito da shi a 1981. Shi ne sinadarin tashin hankali, da zarar jiki ya ji yana cikin haɗari ƙwaƙwalwa take sakinsa, shi ne yake tada sauran sinadaran firgici a jini, kuma a 'yan tsaki ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya rufe cin abinci ruf. Ki tuna hanyar da 'yan tsakin nan suka biyo kafin su zo hannunki. A injin ƙyanƙyasa ba lokaci ɗaya suke fitowa ba, tsakanin na farko da na ƙarshe ana iya samun kwana guda ko fiye, na farkon yana nan a ciki yana jira ba ruwa ba abinci, sannan a kwashe su a tantance a yi rigakafi a zuba a kwali, ga jijjigar mota ga iska ga ƙara, sannan a juye su a wani ɗaki da ba su sani ba, in aka yi rashin sa'a ƙasan ɗakin ma sanyi ƙalau. Wanda ya fi rauni a cikinsu yana isowa ne birkinsa a danne.

Akwai wani aiki da aka yi a jami'ar Virginia Tech a Amurka da nake yawan tunawa in aka kawo min irin wannan matsalar. Tun 1957 Paul Siegel ya ɗauki kaji iri ɗaya ya raba su gida biyu, a gida ɗaya kullum masu nauyi a kwana 56 yake zaɓa su hayayyafa, a ɗayan kuma marasa nauyi, aka yi ta yi shekara da shekaru har ya zama masu nauyin ci suke ba ƙoshi, marasa nauyin kuma ana samun 'yan tsakin da suke ƙin abinci gaba ɗaya su mutu a satin farko ga abinci a gabansu. Daga baya Mark Cline da ɗalibansa suka gano cewa 'yan gidan marasa nauyin sun fi saurin jin birki, kuma in aka bari sanyi ya buge su aka jinkirta musu abinci daidai bayan ƙyanƙyasa, ko NPY aka sa musu a ƙwaƙwalwa bayan 'yan kwanaki ba ya sa su ci, sai da aka toshe hanyar CRF sannan yunwar ta dawo. Naki ba wannan irin ba ne, buroilar kasuwa ta fi kusa da gidan masu nauyin, amma abinda aikin ya nuna ya shafe ki: wahalar ranar farko tana iya rufe yunwa, kuma in birki yana danne ko nawa aka taka totur motar ba ta motsi. To ina amfanin maganin buɗe ciki a nan?

Sai girelin. Gaskiya ne a mutum da ɓera shi ne sinadarin da ciki yake saki in ya zama wayam, ya je ƙwaƙwalwa ya ce a nemo abinci, Masayasu Kojima da Kenji Kangawa ne suka gano shi a Japan a 1999. Kaza ma tana da nata, a ɗan cikin nan da yake gaban ƙundu ake yinsa. Amma da Mitsuhiro Furuse na jami'ar Kyushu da abokan aikinsa suka sa shi a ƙwaƙwalwar 'yan tsaki a 2001, sai 'yan tsakin suka rage ci, aka maimaita aka sake samun haka, daga baya aka gano ta hanyar CRF ɗin nan yake bi. Wato da girelin ɗin zai kai ƙwaƙwalwarsu, birkin zai ƙara dannewa. Ba shi kaɗai ba ma, oreksin da yake sa ɓera ci bai sa ɗan tsako ci ba, leftin kuma da aka gano a 1994 wanda kitsen jikin dabbobi masu shayarwa yake aikawa ya ce an ƙoshi, shekaru aka yi ana neman na kaza, sai a 2016 aka samo na gaskiyar, kuma aka tarar ba a kitse ake yawan yinsa ba. Kaza ba ƙaramin mutum ba ce, tsarinta daban. Kuma duk gwaje-gwajen nan da siririyar allura ake yinsu kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa a ɗakin bincike, ba abu ne da ake zubawa a ruwan sha ba, feftayid in ya bi ta baki narkar da shi hanji yake yi kamar sauran furotin. Duk wanda ya miƙo miki kwalba yace sinadarin yunwa ne na 'yan tsaki, ki riƙe kuɗinki.

To me za ki yi yau ɗin nan? Ki shiga ɗakin ki tsuguna, ki ɗau ɗan tsako ɗaya ki kwantar da shi a tafin hannu, ki sa babban yatsa da manuni a gindin wuyansa ta ɓangaren dama, daidai inda wuya ya haɗu da ƙirji, akwai 'yar jaka a gurin da abinci yake fara taruwa. In kika ji ta cike da laushi kamar ƙullin kwaɓaɓɓen gari, ya ci ya sha. In kika ji ta da tauri har kina jin tsakin abincin ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin fata, ya ci amma bai sha ruwa ba. In kika ji ruwa zalla yana motsi, ya sha bai ci ba. In kuma fata ce kawai a manne ba komai, wannan shi ne wanda za ki rasa jibi in ba ki tashi ba. Ki yi wa guda 30 zuwa 40 haka daga kusurwa daban-daban, ba na bakin ƙofa kaɗai ba, ki rubuta. Littattafan kamfanonin da suke samar da irin buroila sun sa ma'auni a kan wannan, awa 8 bayan saukewa sama da 80 cikin 100 su kasance jakarsu cike, awa 24 sama da 95, awa 48 kuwa duka. Wannan dubawar ce aka so ki yi a daren farko, kuma ita za ki yi duk lokacin da kika sake saro wasu.

Bayan jaka sai ƙafa. Ki manna tafin ƙafarsa a kuncinki ko a wuyanki, in kika ji sanyi to sanyi yake ji ko da ma'aunin zafin da kika rataye a bango yana nuna lafiya lau, dan shi ba a bango yake zaune ba, a ƙasa yake. Ɗan tsako ba ya iya riƙe zafin jikinsa da kansa sai ya kai wajen sati biyu. Babbar kaza in ta ji sanyi ƙara ci take yi, shi kuwa takurewa yake ya shige cikin 'yan uwansa ya ƙi tashi neman abinci, irin takurewar nan da kukan da kika faɗa. Kukan ma ki saurare shi, na wanda yake jin daɗi a hankali yake fita ƙasa-ƙasa, na wanda yake cikin wahala kuwa da ƙarfi yake, a jere ba hutu. A kwanakin farko ana son ɗumin daidai tsayinsu ya kai digiri 30 zuwa 32, shimfiɗar ma ta ɗumama tun kafin su iso, shi yasa ake kunna wuta tun kwana guda kafin ranar, sannan a dinga ragewa a hankali duk sati. Amma kar ki wuce gona da iri, zafi ma yana kashe cin abinci, in kika gansu sun gudu jikin bango sun buɗe baki sun saki fukafukai to ya yi yawa. In sun bazu ko'ina wasu na ci wasu na sha wasu na barci, kin dace. In da gawayi kike ɗumama su ki bar wa iska hanya ta sama, hayaƙin da ba a gani yana sa su kasala su kwanta.

Ruwa kuma kar ki raina shi, kaza tana shan kusan ninki biyu na abinda take ci, kuma wanda ƙishi ya kama ba ya cin busasshen abinci. Ki duba ko mazubin ruwan ya yi musu tsayi, ko ya yi nisa, ko manyan sun tare shi. Ruwan ya zama mai tsafta, ba mai ƙanƙara ba, ba wanda ya ɗau zafin wuta ba.

Raunanan da kika samu jakarsu wayam ki ware su a wani ɗan kewaye kusa da ɗumi, amma dan Allah kar ki ware ɗaya shi kaɗai. Ɗan tsako in ya rasa 'yan uwansa firgita yake ya yi ta ihu, kaɗaicin da kansa tashin hankali ne, birkin nan dai za ki sake dannawa. Ki haɗa su da biyu ko uku daga cikin masu cin, dan suna koyi da juna, in ɗaya ya ga wani yana tsattsaga shi ma sai ya kai baki. Ki ɗau kowanne ki tsoma bakinsa a ruwa, bakin kawai banda hanci, ki sake shi ya ɗaga kai ya haɗiye, ki maimaita sau biyu ko uku. Sai ki shimfiɗa takarda ki barbaɗa abincin farko na 'yan tsaki a kai, ki dinga ƙwanƙwasa takardar da farce a hankali, kamar yadda uwa take buga baki a ƙasa tana kiran 'ya'yanta, za ki ga sun juyo sun nufo yatsan. Ni har yau in na ga wanda ya kwana biyu bai ci ba ya kai bakinsa ya ɗau ƙwayar farko sai naji wani sanyi a raina. Kina iya ɗan yayyafa wa abincin ruwa ya yi laushi, amma kaɗan-kaɗan, ki kwashe ragowar kafin ya yi tsami. Haske ya wadata sosai a satin farko, wajen awa 23 a rana, dan da ido suke neman abinci. Bitamin ko gulukos a ruwa bayan doguwar tafiya ba laifi, yana ɗan ba su ƙarfi, amma ba zai maye gurbin ɗumi ba. Kuma gaskiya zan faɗa miki, a kwana 6 wasu sun riga sun yi nisa, za ki iya rasa 'yan kaɗan ko kin yi komai daidai, kar hakan ya karya miki gwiwa.

Abu ɗaya da ba zan so ki tsallake ba, ki juya waɗanda suka mutu ki duba cibiyarsu da cikinsu. In cibiyar ba ta rufe ba, ko ta yi baƙi ko ja, ciki ya kumbura ya yi taushi yana wari, to ƙwayar cuta ce ta shiga ragowar gwaiduwar, kuma wannan yawanci daga gurin ƙyanƙyasa yake tasowa, ba daga hannunki ba. Ciwo ma yana rufe cin abinci. Ki kai gawa biyu ko uku sababbi gurin likitan dabbobi ya buɗe ya gani kafin ki sayi kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta, in ma ba ki ga komai ba ki kai ɗin, 17 cikin 200 a satin farko ya yi yawa, ya cancanci a buɗe a gani, kuma ki sanar da wanda ya sayar miki. In kashi ya manne ya toshe musu baya ki jiƙa da ruwan ɗumi ki goge a hankali ki busar.

Su kuma masu cin ba tsayawa kar su tada miki hankali, haka aka gina su. A jami'ar Alberta ta Kanada an raini irin buroilar 1957 da ta 2005 a kan abinci iri ɗaya, a kwana 56 ta farkon ta kai giram 905, ta biyun giram 4,202. Zaɓen iri na shekaru ya sassauta musu birki, a cibiyar Roslin ta Sikotland ma Ian Dunn da abokan aikinsa sun nuna kaji masu saurin girma suna da ƙarancin gurbin da yake karɓar CCK, saƙon da hanji yake aikawa ya ce an ƙoshi, shi yasa ba sa jin saƙon sosai. Kar ki rage musu abinci a wannan satin, amma daga kwana 7 ki fara kashe musu haske na awa 4 zuwa 6 a dare, a lokaci ɗaya kullum, su huta, ƙafa da zuciya su samu su bi girman jikin.

Gobe kwanansu 7, ki samu sikeli ki auna guda 20 ki raba jimillar nauyin gida 20, in kowanne ya kai ninki huɗu na nauyinsa na ranar farko, wato giram 160 zuwa sama, to garken ya kama hanya. Maigida kuma ki kira shi ya shigo ɗakin tare da ke, ki sa ɗan tsako a hannunsa ya taɓa jakar da ta cika da wadda take wayam da yatsansa, yaron ma ya riƙe biro yana rubutawa, aikin daren farko dama ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ki rubuto min adadin da kika samu a jakar, da nauyin, da abinda likita ya gani a cikin gawar, sai mu san abinda za a gyara kafin ki saro na gaba.